Yadda ake kwance ƙaramin injin yankan ciyawa a gano abin da ya kashe shi

Tambaya: Ina da injin yankan ciyawa na rataya, mai cc 43, irin wanda ake haɗa wa fetur da mai. Kwanan baya ya riƙa ɗaga murya da kansa ko ban taɓa totur ba, rannan yana cikin aiki ya mutu. Yanzu igiyar tana zuwa sakwaf babu nauyi, kuma ya ƙi tashi. Ina so in kwance shi da kaina. Ta ina zan fara, kuma me zan duba?

Amsa: Ɗan'uwa, bayaninka ya nuna matsala biyu, ba ɗaya ba. Igiyar da ke zuwa sakwaf tana nufin matsi ya tafi, abin da makanikai ke kira kwamfireshan, wato fistin ko ringi ko bangon silinda ya samu rauni. Amma ɗaga muryar da ya riƙa yi kafin ya mutu ta fi damuna, domin yawanci alama ce ta inji yana shan iska ta inda bai kamata ba, ko kuma mai ba ya isarsa. Wannan ce ta cinye fistin. In ka sa sabo ba ka gano ta ba, sabon zai bi sawun tsohon cikin 'yan kwanaki. Saboda haka duk notin da za ka kwance, ka kwance shi kana neman dalili.

Sai ka san yadda injin yake kafin ka taɓa shi. Irin wannan inji ba shi da bawul, ba shi da kwanon baƙin mai a ƙasa kamar na mota. Tsarinsa ɗaya ne da ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da mai. Idan fistin ya yi sama, yana zuƙo haɗin mai da iska daga kafireta zuwa gidan kiranshaf, wato akwatin da ke ƙarƙashin silinda, inda ƙarfen da fistin ke juyawa yake. Idan ya sauko, sai ya matse haɗin ya tura shi ta ƙofofin gefe zuwa saman silinda. Kenan gidan kiranshaf famfo ne, dole ya kasance a rufe ruf. Kuma ɗan man da ka zuba a fetur shi kaɗai ne ke shafe boris da fistin. Da zarar iska ta sami ɓaraka ta shiga, haɗin zai tsinke, injin ya yi ta gudu, zafi ya hau, man shafawa ya ragu, fistin ya kumbura ya goge bango.

Kada ka fara da buɗe silinda. Bari injin ya huce, zare hular fulogi, cire wuƙa ko kan zaren, juye fetur a galan nesa da wuta. Sannan ka cire murfin sama da salansa, noti biyu ne ke riƙe da ita, wani lokaci da na uku ƙarami a ƙasa. Haska fitila ta ƙofar hayaƙi kana jan igiya a hankali. Za ka ga gefen fistin da ringi suna wucewa. Fistin mai lafiya sumul yake, har ana ganin siraran layukan da injin ƙira ya bari a kwance. In ka ga zane a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, ko ringi ya nutse cikin raminsa alminiyam ya shafe shi, to buɗewa ta zama dole. Danna ringin da tsinken katako: mai lafiya yana shiga ya dawo. In akwai gejin matsi, inji mai ƙarfi yakan ba da psi 120 zuwa sama, wanda ya faɗi ƙasa da 90 kuwa da wuya ya tashi. Fulogi ma shaida ne. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai maiƙo mai ya yi yawa, fari fat ko mai ɗigon alminiyam kuwa zafi ne ya wuce kima.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki mai lamba 4 da 5, sifanar fulogi, soket daga 8 zuwa 14, sukudireba, filaya mai tsinin baki, gudumar roba, igiyar nailan mai tsabta kamar kamu biyu, da fila geji na auna siririn tsakani. Injinan Stihl da wasu irinsu suna amfani da noti mai kan tauraro, galibi T27, kuma alanki ba ya maye gurbinsa, lalata kan kawai zai yi. Wanke bayan injin da kananzir da buroshi tun kafin ka buɗe komai, domin yashin da ke maƙale tsakanin haƙarƙarin silinda shi ne zai zube cikin boris. Samu kwali ka riƙa huda shi kana soke kowane noti a inda ya dace da zanen wurinsa. Tsawonsu ya bambanta, kuma dogon noti a gajeren rami yana fasa gida ko ya taɓa fulawil, wato faifan nan mai fukafukai da ke kan kiranshaf. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki, musamman wayar totur da tiyon mai.

Raba injin da sandarsa. Zare kan wayar totur daga kafireta, cire wayoyin makashi guda biyu, kwance noti huɗu na gidan kuloci, injin zai fito a hannunka. Duba wayar totur tun a nan: in tana maƙalewa ba ta komawa, ita ma tana sa inji gudu, kuma gyaranta ba ya buƙatar buɗe komai.

Cire murfin matatar iska da soson. Dogayen noti biyu ne suka ratsa gidan matatar da kafireta suka shiga wata baƙar roba mai tauri da kafireta ke zaune a kai. Tiyo biyu ne: mai matata a ƙarshensa cikin tanki shi ke kawo mai, ɗayan yana mayar da rara. Ɗaura wa ɗaya zare don kada su rikice maka. Jawo matatar tanki da lanƙwasasshiyar waya ka duba ta, domin matatar da ta toshe ko tiyon da ya tsage suna hana mai isa, sakamakon kuma ɗaya ne da shan iska. Sai baƙar robar nan, wadda noti biyu ke riƙe da ita a jikin silinda. A nan ake yawan kama ɓarawon. Juya ta a haske ka nemi tsaga, ɗora ta a kan gilashi ka ga ko ta bauɗe, duba ko notinta sun yi sako-sako. A jikinta da jikin gasket ɗinta akwai wani ɗan rami ƙarami banda babban. Ta nan bugun iskar gidan kiranshaf ke zuwa ya motsa famfon kafireta. Gasket da aka juya baibai, ko gam da aka shafa ya toshe ramin, yana hana mai zuwa gaba ɗaya.

Kwayil, wanda ke ba fulogi wuta, noti biyu ne, cire shi ka ajiye. Gidan igiya noti huɗu, kada ka buɗe cikinsa in ba shi da matsala, sifirin ɗinsa yana tsalle.

Yanzu ga wurin da jeri yake da muhimmanci. Kuloci da fulawil da farantin da igiya ke kamawa duk sai an tsayar da kiranshaf kafin su kwance, kuma da silinda a jiki ake tsayar da shi. Wanda ya riga ya cire silinda zai rasa abin riƙewa, sai ya koma soka sukudireba a fukafukan fulawil, fiffike ɗaya ya karye, injin ya riƙa jijjiga har abada. Cire fulogi, juya fulawil har fistin ya haura ya rufe ƙofar hayaƙi, sannan ka cusa igiyar nailan ta ramin fulogi, ka bar jelarta a waje. In ka cusa ta fistin yana ƙasa, bakinta zai leƙa ƙofa, fistin ya datse ta. Juya a hankali har fistin ya danne igiyar ya tsaya.

A injinan cc 43 da 52 da suka cika kasuwa, waɗanda ake rubuta wa 1E40F-5 da 1E44F-5, kuloci takalma biyu ne da sifirin ɗaya, an ɗaure su a fuskar fulawil da noti biyu masu kafaɗa. Kowane noti yana da washa, wato ɗan zoben ƙarfe, mai lanƙwasa a sama da shimfiɗaɗɗiya a ƙasa. Lura da kibiya ko rubutun da ke kan takalman, da fuskar da ke kallon waje. Bayan kuloci sai notin tsakiya na fulawil. A ɗaya ɓangaren, farantin igiya a murɗe yake a kan kiranshaf, kuma yana kwancewa ne ta kishiyar inda igiya ke juya shi. A wasu ƙananan injina na gida kuloci da kansa ne a murɗe a kan kiranshaf, kwanonsa kuma, wanda takalman ke kamawa, wani noti ne ke riƙe da shi can cikin ramin da sanda ke shiga. In ka ga kibiya da rubutu a fuskar irin wannan kuloci, bi kibiyar, kada ka yi ta ƙarfi.

Fulawil ba zai fito don ka cire noti ba, domin a kan tsinin kiranshaf mai siffar mazurari yake zaune. Hanya mai kyau ita ce fula: ɗan ƙarfe mai rami uku, ka ɗaure shi a ramukan notin kuloci, na tsakiya ya tokare kan kiranshaf. In babu, mayar da notin har ya yi daidai da kan kiranshaf, wani ya ɗaga injin ta fulawil ɗin, kai kuma ka ɗora guntun tagulla ko alminiyam a kan notin ka buga sau ɗaya, bugu mai kaifi. Buga tsirarar kan kiranshaf da guduma yana baje zaren, kuma bugun da ya yi yawa yana kashe boris. Da ya saki, nemi ɗan makullin nan mai siffar rabin wata da ke cikin tsagar kiranshaf. Shi ke tsayar da lokacin wuta. In ya yanke ko ya goce, fulogi zai ba da wuta amma inji ba zai tashi ba, ko ya riƙa fizge igiya daga hannu.

Kafin ka ɗaga silinda, yi gwajin iska, domin bayan ka buɗe damar ta wuce. Yanko roba daga tsohon tubu guda biyu, toshe ƙofar hayaƙi da ɗaya ta hanyar ɗaure salansa a kanta, toshe ɓangaren kafireta da ɗayar. Zare igiyar nailan, saukar da fistin ƙasa, sannan ka hura iska ta ramin fulogi da ƙaramin famfon hannu mai geji, kamar bar 0.5, wato psi 7. Kada ka haɗa shi da kwamfiresar faci, za ta ture sil waje, wato zoben robar da ke toshe inda kiranshaf ya fito daga gida. Allura ta tsaya cak na rabin minti. In tana sauka, shafa ruwan sabulu a sil biyu na kiranshaf, da gindin silinda, da layin da ɓari biyu na gidan kiranshaf suka haɗu, da mazaunin kafireta. Inda kumfa ta taso, nan ne. Sil yakan riƙe turi amma ya saki a zuƙa, don haka in famfon yana zuƙa, gwada hakan ma kana juya kiranshaf. Ko babu geji, danshin mai da ƙura ta manne a kai a bayan fulawil ko bayan farantin igiya ya isa shaida a kan sil.

Noti huɗu ne ke riƙe da silinda, ana kai musu da dogon alanki ta ramukan da ke cikin haƙarƙari. Share kan kowanne da tsinke, alankin ya zauna har ƙasa, sassauta su kaɗan-kaɗan a gicciye. Bubbuga gefe da gudumar roba, sannan ka ja silinda sama a miƙe. Kada ka murɗa ta, bakin ringi yana iya faɗawa ƙofa ya karye. Da ta fita, cusa tsumma mai tsabta a bakin gidan kiranshaf. Kilif ɗin da ke tare fin ɗin fistin ɗan ƙaramin abu ne mai tsalle, in ya faɗa ciki sai an raba gida. Cire kilif ɗaya da tsinin filaya, babban yatsanka a kansa, tura fin ɗin daga ɗaya gefen kana tallafe da fistin a tafin hannu don kada kwanrod, ƙarfen da ya haɗa fistin da kiranshaf, ya lanƙwashe. A cikin idon kwanrod akwai boris mai allurai, zare shi ka ajiye.

Yanzu zauna ka karanta fistin, domin shi ne zai ba ka labarin. Zane a ɓangaren hayaƙi kaɗai, fistin a bushe, samansa fari ko toka-toka: zafi ne, daga shan iska, ko ƙarancin mai daga kafireta, ko haƙarƙarin silinda da ciyawa ta toshe har iskar fulawil ta kasa sanyaya shi. Bisa bayaninka, wannan nake sa ran za ka gani. Zane ko'ina a kewaye, cikin gida a bushe ƙamas, wani lokaci kwanrod ya yi shuɗi: fetur zalla aka zuba, ko man haɗin bai isa ba. In lalacewar tana ɓangaren kafireta, siket ɗin fistin ya dushe kamar an goge shi da samfefa, ringi sun sirance, to ƙura ce. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga mai aiki da rani da lokacin hunturu da soso a yage ko babu shi sam. Rami ɗaya mai zurfi, ko saman fistin da ya yi tabo kamar an sassare shi, yana nufin wani ƙarfe ya yi yawo a ciki: kilif, ko allurar boris, ko guntun ringi. A nan dole ka nemo inda ya fito. In kuwa fistin sumul ne amma ringi sun manne da baƙin gawayi, ƙofar hayaƙi ta cushe, to mai ne ya yi yawa ko ba irinsa ba ne. Baƙin man mota ba a yi shi don ya ƙone ba, toka yake bari. Wannan ya fi kowanne sauƙi, sharewa ce da sabon ringi.

Bangon silinda alminiyam ne da aka yi wa siririn rufi mai tauri, saboda haka ba a kai ta a yi mata bori, wato a faɗaɗa raminta, kamar ta babur. Sau da yawa abin da kake gani kamar zane alminiyam ɗin fistin ne ya manne a kan rufin. Goge shi a hankali da samfefa mai laushi, lamba 400 ko sama, da ɗan mai, kana bin kewaye. In ya fita bango ya koma sumul, silinda ta tsira. In farce yana maƙalewa a rami, ko rufin ya ɓare a saman ƙofar hayaƙi, canza ta. Ana sayar da silinda da fistin da ringi da fin da kilif a kwali ɗaya, kuma hakan ya fi haɗe-haɗe. Auna faɗin fistin kafin ka je kasuwa: na cc 43 milimita 40 ne, na cc 52 milimita 44. A ido kusan ɗaya suke, gara ka tafi da tsohon a aljihu.

Kama kwanrod ka ja shi sama da ƙasa. Kada ka ji motsi ko kaɗan. Motsin gefe da gefe kaɗan daidai ne. Kama kan kiranshaf ka girgiza, sannan ka juya shi kana saurare. In babu wasa babu gurnani, kada ka raba gida, babu abin da za ka samu a ciki sai ƙarin aiki. Sil ana canza shi daga waje: ɓanɓaro tsohon da ɗan ƙugiya ba tare da ka karce kiranshaf ba, shafa wa leɓen sabon mai, naɗe zaren kiranshaf da leda, tura shi a miƙe da soket har ya zauna inda tsohon yake. A irin injinka yawanci ɗaya 15×25×7 ne ɗayan 12×22×7, amma karanta lambar da ke jikin naka. In boris ya mutu, galibi 6202 ne. Kwance notin gida, ɗumama kewayen boris da iska mai zafi har ɗigon ruwa ya yi cuu, bubbuga da gudumar roba. Kada ka soka sukudireba tsakanin fuskokin biyu, tabon da za ta bari sabuwar hanyar iska ce. A ganina, in kwanrod ya yi wasa kuma silinda ta tafi, lissafa kuɗin kayan tukuna, sau da yawa sabon kan inji ya fi araha.

Wajen mayarwa, fara da gwada sabon ringi shi kaɗai a cikin silinda, ka daidaita shi da fistin, ka auna tsakanin bakinsa biyu. Daga milimita 0.15 zuwa 0.35 daidai ne. In bakin ya haɗe, zai kama da zarar ya yi zafi. Kibiyar da ke saman fistin tana kallon salansa. A cikin kowane ramin ringi akwai ɗan tsini, nan bakin ringin ke haɗuwa, kuma in ringi ya hau kan tsinin ka tura silinda da ƙarfi, karyewa zai yi. Sa sabon kilif koyaushe, buɗaɗɗen bakinsa yana kallon sama ko ƙasa, ka juya shi ka tabbata ya faɗa raminsa. Shafa man 2T, wato man da ake haɗawa da fetur, a boris da fin da fistin da bango. Kankare tsohon gasket sarai, sa sabo a bushe. Matse ringi da yatsu, zura silinda a miƙe, juya kiranshaf ka ji yana tafiya sumul kafin ka ɗaure. Notin nan M5 ne cikin alminiyam, ɗaurin kamar Nm 7 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ya ishe su, a gicciye, sau biyu. Maimaita gwajin iska a nan, kafin ka rufe sil da fulawil.

Mazurarin kiranshaf a bushe ake mayar da shi, babu giris, makullin a tsagarsa. Bayan ka ɗaure kuloci, takalman su riƙa motsi a kan notinsu. Tsakanin kwayil da maganaɗisun fulawil milimita 0.3 ne: sa katin takarda mai wannan kauri a tsakani, bar maganaɗisu ya jawo kwayil, ɗaure, zare katin. Bakin fulogi 0.6 zuwa 0.7. In gwajin iska bai nuna ɓaraka ba, laifin yana kafireta, sai ka buɗe ta a kan farin tsumma kana jera kayan yadda suka fito. Fata, wato siririyar robar da ke motsi a cikinta, in ta bushe tana ƙara kamar takarda a canza ta, 'yar ragar ciki a wanke ta. A ɓangaren famfo mayar da fata da gasket yadda ka same su, a ɓangaren allura kuwa gasket ne farko sannan fata. Kada ka soka waya a jet.

Haɗa sabon fetur da man 2T bisa abin da aka rubuta a tanki ko littafin injin. In 25:1 ne, mililita 40 ke nan a lita ɗaya, in 50:1 ne, mililita 20. Auna da sirinji, a galan, ka girgiza kafin ka zuba. Wanke soson iska ka ɗiga masa mai ka matse. Mayar da injin kan sandarsa kafin ka tayar da shi, domin bai kamata kuloci ya yi gudu babu kwanonsa ba. Bar shi a silo minti uku zuwa biyar, kan yankan bai kamata ya juya ba. Karkata shi dama da hagu yana silo: in murya ta canza sosai ko ta hau, har yanzu akwai iska, kashe shi ka koma kan sil. Tanki biyu na farko yi aiki mara nauyi, kada ka riƙe totur a ƙarshe babu ciyawa a gaba, sannan bayan ya huce ka sake bin notin silinda da na salansa.